Aiki tare da ɗaliban Jamus ta intanet kan ci gaba mai ɗorewa: ta ina za a fara?

Malamin Jogurafi:

Assalamu alaikum malamai. Ina da ajin SS2 mai ɗalibai 48 a makarantar gwamnati. Mun haɗu da wata malama a Jamus mai aji na yara 24, 'yan shekara 15 zuwa 16, tana so mu yi aiki tare na mako takwas daga watan Janairu a kan ci gaba mai ɗorewa. Kayan aikinmu laftof ɗaya ne da wayoyin malamai biyu, wutar lantarki kuma sai yadda hali ya yi. Shawararta ita ce a riƙa kiran bidiyo kowane mako, kowane rukuni ya ɗauki ɗaya daga muradu 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi bayani a kai. Ni dai ina ganin hakan zai cinye mana data, kuma ina tsoron abin ya tsaya a gaishe-gaishe da kwafo bayani daga intanet. Don Allah waɗanda suka san harkar, wane aiki ne ya fi dacewa, yaya ake raba makonnin, kuma me ya fi rusa irin wannan haɗin gwiwa?

Malamar Kimiyya:

Wa alaikumus salam Malam. Tsoron nan naka yana kan hanya. Duk abin da yaro zai samu a intanet cikin minti biyar, ba ya buƙatar aboki a wata ƙasa kafin ya same shi. Idan aka raba muradu 17 ga rukunoni, kowane rukuni zai karanto nasa, a tafa, a tashi, babu wanda ya buƙaci wani. Ku ajiye 16, ku riƙe ɗaya wanda za a iya aunawa a gidan kowane yaro a ƙasashen biyu. Ruwa ya fi sauƙi, wato muradi na 6. Tambayar aikin guda ɗaya ce: lita nawa mutum ɗaya ke amfani da ita a rana a gidanku, minti nawa ake ɓatawa kafin a samo ta, kuma nawa ake biya?

A ɓangarenku, farkon aiki shi ne auna mazubi. Kada a yarda da ido. Jarka akwai mai lita 25, akwai mai 20, kuma masu ga-ruwa ba kullum suke cika ta har wuya ba. Bokiti da buta da randa yawanci babu rubutu a jikinsu. Kowane yaro ya samu robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ya riƙa juyewa a bokitin gidansu yana ƙirgawa har ya kai inda aka saba cikawa, ya ja layi da fenti ko maka a daidai wurin. Haka zai yi wa buta da kofin wanka. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma shi ne ginshiƙin sauran.

Daga nan sai awon kwana bakwai. Safiyar ranar farko a rubuta ruwan da ke cikin randa da duro da tanki. Duk jarka ko bokitin da ya shigo gidan a yi masa ɗan layi a takardar da aka manna kusa da randa, domin wanda ya ɗebo ya sa alama ko da ɗalibin yana makaranta. Safiyar rana ta takwas a sake auna abin da ya rage. Lissafin shi ne: abin da aka tarar, a tara da abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya rage. A raba da yawan mutanen da suka kwana a gidan, a sake rabawa da bakwai. Ruwan leda a ƙirga shi daban, kowace leda rabin lita ce.

Wuraren da lissafi ke karkacewa sanannu ne. Gidan da ke kiwon tumaki ko saniya, gidan da ake dama kunu ko zoɓon sayarwa, gidan da ake wankau, duk za su fito da adadi mai yawa wanda ba na mutane ba ne. A ware musu gurbi na dabam a fom ɗin. Akasin haka kuma, gidan da ake kai wanki waje, ko samari suke wanka da alwala a masallaci ko kasuwa, zai fito da adadi ƙarami. A sa gurbin "an yi a waje" a rubuta e ko a'a. Baƙin da suka kwana biyu su ma a rubuta su.

Su yaran Jamus mita za su karanta, ranar farko da rana ta takwas a lokaci ɗaya. Mitarsu da mita kubik take ƙirga, ɗaya daidai yake da lita 1,000. A gidajen bene sau da yawa mita biyu ce, ta ruwan zafi da ta sanyi, sai an haɗa su. Wanda bai iya kaiwa ga mita ba ya tara bokiti a ƙarƙashin shawa na daƙiƙa 15, ya auna, ya ninka sau huɗu ya samu na minti ɗaya, sannan ya ninka da mintunan wanka. Kora bayan gida sau ɗaya kan ci lita 6 zuwa 9.

Ku riƙe waɗannan ma'aunai don gane kuskure. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 ga mutum a rana a matsayin mafi ƙarancin abin da za a sha, a yi girki, a ɗan tsaftace jiki, lita 50 zuwa 100 kuma ita ce wadda ke biyan buƙatun gida yadda ya kamata. Matsakaicin mutum a Jamus yana amfani da wajen lita 125 a gida. In ka ga yaro ya kawo lita 3 ko lita 900, to an manta rabawa da mutane, ko an manta ninkawa da 1,000. Game da lokacin ɗebo ruwa, iyakar da hukumar da UNICEF suke amfani da ita minti 30 ce, zuwa da dawowa har da tsayuwar layi. Kuma wajen fitar da adadin aji, ku jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba ku ɗauki na tsakiya, saboda gida ɗaya mai rijiyar burtsatse da lambu zai iya ja wa matsakaicin aji duka sama.

Rukuni takwas za ku yi, naka shida nata uku a kowanne. Makon farko gabatar da kai. Na biyu a amince da fom ɗaya, a gwada shi a gida biyu a kowane ɓangare, a gyara. Na uku awo, na huɗu shigar da alƙaluma da tace su. Mako na biyar shi ne zuciyar aikin: a yi musaya. Yaranka su zana jadawalin alƙaluman Jamus su rubuta abin da suka fahimta da tambayoyi biyar, yaranta su yi wa naku haka. A na shida kowa ya amsa, ya gyara wa ɗan'uwansa fahimta. A nan ne yaron Jamus zai tambayi dalilin da ya sa ruwan Juma'a ya fi na Talata, naka kuma ya tambayi dalilin kora bayan gida da ruwan da ake iya sha. Na bakwai kowane rukuni ya rubuta shafi ɗaya tare, na takwas a gabatar. In lokaci ya ƙure, a rage daga gabatarwa, kada a taɓa mako na biyar da na shida.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta:

Malama ta gama da tsarin, bari in taɓa na'ura da agogo.

Kiran bidiyo biyu sun isa, ɗaya a mako na biyu bayan yara sun san sunayen juna, ɗaya a ƙarshe. Awa ɗaya ta bidiyo tana cin rabin giga zuwa giga ɗaya, wani lokaci fiye, alhali saƙon murya na minti ɗaya bai kai rabin mega ba. Sannan yara 48 a gaban laftof ɗaya, huɗu ne za su yi magana, sauran su zama 'yan kallo. Ranar kiran a caja laftof da wayoyi tun dare, a tanadi layi biyu na kamfanoni daban-daban, a gwada sabis a cikin ajin da za a zauna a daidai wannan sa'ar kwana ɗaya kafin nan. A haɗa ƙaramar lasifika, amma na'ura ɗaya kaɗai za ta buɗe makirufo a ɗakin, in ba haka ba ƙara za ta yi ta amsa kuwwa. Yara su fuskanci taga, kada taga ta kasance a bayansu, don fuskokinsu za su fito baƙi ƙirin. Kowane rukuni ya naɗi bidiyon minti biyu a aika tun kafin ranar, ta yadda ko sabis ya yanke, an riga an ga juna. In hoto ya fara tsinkewa a kashe kyamara a ci gaba da murya.

Agogo ya yi muku daɗi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacin Jamus da na Najeriya da Nijar ɗaya ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris suke tura agogo gaba da awa ɗaya, mu ba ma canzawa, don haka in aikin ya zarce zuwa Afrilu, ƙarfe goma namu sha ɗaya ne nasu. Kalanda ta fi agogo wahala. Jamus jihohi 16 ne, kowace da ranakun hutunta, wasu suna da hutu a Fabrairu. Ku kuma akwai hutun tsakiyar zango, da tashi da wuri ranar Juma'a, ga azumi da a 'yan shekarun nan yake faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris, wanda wasu jihohi kan rage lokacin karatu ko su rufe makarantu saboda shi. Ku ɗora kalandun biyu a kan juna tun yanzu, ku sa makon awo kafin azumi, domin amfani da ruwa yana sauyawa a cikinsa.

Kada ka gina aikin a kan WhatsApp kafin ka tambaye ta. Makarantu da yawa a Jamus ba sa yarda malami ya yi harkar makaranta da ɗalibai ta can, saboda dokar kare bayanai. Yawanci suna da dandalinsu, kamar Moodle, kuma za ta iya buɗe maka asusun baƙo. Don tattara alƙaluma, KoboToolbox yana da kyau: a tsara fom a laftof, a sauke manhajar KoboCollect a wayoyinku biyu, a shigar da bayanai ba tare da sabis ba, in an samu sai a tura gaba ɗaya. Yara su cike takarda a gida, wakilin rukuni ya shigar a waya, takardun kuma a adana su.

Abu ƙarami mai ɓata jadawali: Jamusawa waƙafi suke sawa inda muke sa ɗigo. Su 12,5 suke rubutawa a madadin 12.5, kuma 1.000 a wurinsu dubu ne. In aka cakuɗa a Google Sheets, wasu lambobin za su zama rubutu, jimilla ta fito ba daidai ba. Ku yanke tun mako na biyu cewa cikakkun lita kawai za a rubuta, babu ɗigo babu waƙafi.

Mushe (malami) daga Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari. Na yarda da awon ruwa, amma ina da ja a wuri ɗaya, kuma ina roƙon Malam ya ɗauke shi da muhimmanci. In ruwan famfo da jarka kaɗai aka kwatanta, hoton da zai fito shi ne su masu shi, mu marasa shi. Mako na shida bai ƙarewa sai yaran can sun fara maganar tara kuɗin gina rijiya, da kyakkyawar niyya, naka kuma su yi shiru su koma masu karɓa. Daga ranar haɗin gwiwa ya mutu ko da ana ci gaba da aika saƙo. Ku yi yarjejeniya da malamar tun farko cewa babu tara kuɗi a cikin makonni takwas ɗin nan.

Maganinsa shi ne a ƙara awo na biyu wanda zai juya teburin. Akwai ruwan da ba a gani, wanda aka kashe wajen samar da abin da muke ci da sawa. Kilo ɗaya na naman shanu, a matsakaicin lissafin duniya, yana cin wajen lita 15,000, riga ɗaya ta auduga wajen lita 2,500. Kowane yaro ya ƙirga rigunansa da yawan cin namansa a mako. Sannan a kawo hayaƙin da ke ɗumama duniya: mutum ɗaya a Jamus yana fitar da tan 7 zuwa 8 a shekara, a Najeriya bai kai tan ɗaya ba, a Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan. Da waɗannan a gaba, tambayar ta tashi daga wa ke da talauci ta koma rayuwar wa ƙasa za ta iya ɗauka in kowa ya yi irinta. Amma kada a mayar da ita zargi. Yaro ɗan shekara 15 a can bai gina masana'anta ba, kamar yadda naka bai hana famfo kawo ruwa ba.

Sannan a ba yaranmu fagen da su ne malamai. A nan Maraɗi da Damagaram, tun wajen 1983 manoma suka koma barin kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu, abin da ake kira sassabin zamani. Manomi ya zaɓi kututture, ya bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski suna girma. An kiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da dashe ba. Gawo kuwa abin mamaki ne ga wanda bai san shi ba: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinsa, ya yi ganye da rani, dabbobi su ci 'ya'yansa su bar taki a gindinsa. Yaranka su auna fili mai tsawon mita 50 da faɗin 20, su ƙirga itatuwan ciki, su ninka sau goma su samu na hekta ɗaya, su auna kaurin kowanne a tsayin mita 1.35 daga ƙasa kamar yadda ƙa'idar GLOBE, shirin duniya na auna muhalli a makarantu, ta tanada. Yaran can su yi haka a filin da ke kusa da su. Kowane rukuni kuma ya yi hira da dattijo ko dattijuwa da Hausa: wace rijiya ce ta ƙafe, wane itace ya ɓace, ina ake kai ruwan wanke-wanke bayan an gama. Su fassara da kansu zuwa Turanci. Turancin ma ba harshen uwa ba ne ga ɓangarorin biyu, ka faɗa wa yaranka haka tun ranar farko, zai cire musu jin nauyi.

Ga masu neman abokan aiki: eTwinning, dandalin haɗa makarantu na Tarayyar Turai, wanda aka fara a 2005, na makarantun Turai ne da wasu maƙwabtansu, namu ba sa iya rajista. iEARN kuwa, cibiyar haɗa makarantu ta intanet da ta faro a 1988 tsakanin makarantun New York da Mosko, a buɗe take, kuma tana haɗa aji shida zuwa takwas a zagaye ɗaya. Amfanin haka shi ne in aji ɗaya ya yi shiru, aiki bai tsaya ba. Ko a naku, aji na uku daga Nijar ko Gana ko Indiya zai hana abin zama mu da su.

Malamin Jogurafi:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura abu uku. Wasu iyaye ba za su so a san abin da ke gidansu ba, wasu yaran ma za su ji kunyar rubuta gaskiya. Yaya zan ba da maki? Kuma in ɓangarensu ya yi shiru a tsakiya, me zan yi?

Mataimakiyar Shugaban Makaranta:

Malam, fara da takardar izini, da Hausa, shafi ɗaya. Ta faɗi abin da za a auna, wanda zai gani, da cewa babu sunan gida ko unguwa da zai fita. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana buƙatar amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, ta Turai da ta fara aiki a 2018 ma haka, don haka malamar za ta nemi ganin ka yi. A raba izinin gida biyu, na shiga aiki daban, na fitowa a hoto ko bidiyo daban, domin akwai uban da zai yarda da na farko ya ƙi na biyu, musamman ga 'ya mace. Wadda ba a yarda a ɗauke ta ba tana iya yin saƙon murya ko ta riƙe jadawali. Ka sanar da shugaban makaranta a rubuce, kuma ka yi bayani a taron iyaye da malamai kafin takardar ta isa gida.

Maganin kunya lamba ce. Kowane gida a ba shi lamba, takardar da ke haɗa lamba da suna tana hannunka kai kaɗai. Yara su jefa fom a kwali, ka gauraya, rukuni ya shigar da na wasu ba nasa ba. Hoto kuma na kaya ne kawai, jarka, buta, mita, itace, ba cikin ɗaki ko fuskar mutanen gida ba, kuma a kashe alamar wuri a kyamarar waya. Babu musayar lambar waya ko shafin sada zumunta tsakanin yara a cikin aikin, duk saƙo ya bi ta wurin da malaman biyu ke gani.

Maki kada ya dogara da yawan lita, in ba haka ba za a ƙirƙiro alƙaluma. In maki 20 ka ware daga na ayyukan zango, ba da 6 ga cikakken fom na kwana bakwai mai lissafi daidai, 6 ga ingancin tambayoyin da yaro ya yi wa ɗaya ɓangaren, 4 ga amsa a kan lokaci, 4 ga shafin rukuni. Yaron da ya rubuta "ranar Laraba ban auna ba" ya fi wanda ya cike gurbin da ka, ka faɗa musu haka a fili kuma ka ba shi makinsa.

Shiru kuwa yawanci daga malamai yake farawa, jarrabawa ta taso ko rashin lafiya, ba daga yara ba. Ku sa rana ɗaya tsayayya ta aika saƙo, misali kowace Talata kafin a tashi, ku amince cewa amsa ba ta wuce kwana bakwai. Kowannenku ya ba da sunan malami na biyu da zai riƙe ajin in ya samu uzuri, ku biyun kuma ku riƙa gaisawa na minti goma duk mako ko da babu sabon abu. In an kwana bakwai babu amsa, ka rubuta mata kai tsaye da tambaya ɗaya mai sauƙin amsawa, yaranka kuma su ci gaba da kwatanta rukunin masu famfo da na masu sayen ruwan ga-ruwa a cikin ajinku, ka aika mata sakamakon ranar Talatar da aka saba.